Zuriyar Tsoho Gus

"Gidan, har ranar da za a ɗauki gawata," in ji Clarrie Doolan. "Da sabon tankin ruwa. Wanda ke can ya girmi matarka."

Desmond Pengilly ya ce tanki ba ya cikin maganar. Clarrie ya ce to shi ma tunaninsa ba ya cikin maganar, mai shekara saba'in da huɗu irinsa mantuwa ba ta yi masa wuya. Suna zaune a barandar babban gida, kowa na korar ƙuda daga bakin kofin shayinsa. Can Desmond ya ce ya ji, tanki amma na roba, ya miƙa hannu. Clarrie ya goge nasa a wando ya kama.

Abin da ya haɗa su shi ne Desmond ya sayar da gandun Kallabinna ga wani kamfani na birni: tumaki dubu goma sha takwas, shanu dubu biyu, da ƙasar da mota ke wuni tana gudu ba ta ga iyakarta ba. Abu ɗaya ya cire daga cinikin, eka biyu da aka kewaye da waya a kan tudu. A nan kabarin kakan ubansa yake, Augustus Pengilly wanda ya kafa gandun, a nan kuma ɗan gidan kwanon da Clarrie ke zaune ciki shekara hamsin yake. Lauyan Desmond ne ya rubuta sharaɗin da hannunsa, cewa filin zai ci gaba da zama a hannun zuriyar duk wanda ke kwance a cikinsa, don kada dangi su yi ƙorafi. Kamfani ya sa hannu, amma ya ce sai masaniyar tarihi ta zo ta tabbatar da kabarin, tunda babu takardar rasuwa. In ba ta tabbatar ba, za su baje tudun su yi wa manyan motoci wurin lodi, don nan kaɗai ambaliya ba ta nutsarwa.

Aikin Clarrie a cinikin ba shi da wuya. Shi ne mafi daɗewa a gandun, ya yi askin tumaki, ya yi gadin shinge, ya zauna da tsofaffin da suka zauna da waɗanda suka ga jana'izar. Abin da ake so kawai ya faɗa wa matar abin da ya ji.

"Ka ɗan sa masa gishiri," in ji Desmond. "Mutanen birni suna son gishiri."

Clarrie ya ce to, maigida, ya sa hularsa ya sauka.

Matsalar ita ce Clarrie ba ji kawai ya yi ba, gani ya yi. Shekarar babbar ambaliya, 1974, ruwan sama ya zaftare gefen kabarin, Roy uban Desmond ya kira shi su gyara, su biyu rak. Shebur na uku Clarrie ya ɗago ƙaho, murɗaɗɗe zagaye biyu da rabi. Roy ya zauna a ƙasa ya dubi ƙahon ya kai rabin sa'a. Da ya tashi sai ya ce a mayar a rufe, ya kuma tambayi Clarrie ko yana sha'awar ɗan gidan nan na tudu. Desmond yana makarantar kwana a Adelaide lokacin, ba wanda ya gaya masa, har Roy ya mutu.

A hanyar gida Clarrie ya biya ta kicin, inda Anti Dulcie ke feraye dankali. Shekara arba'in da ɗaya tana dafa wa gandun abinci, uwarta ma haka. Mutanenta ne Turawa suka tarar a bakin rafin nan sa'ad da suka iso da tumakinsu. Ita da Clarrie ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Ta hana shi ajiye motarsa a ƙarƙashin itacen da ke bayan gidansa, ta hana shi shanya a wurin, ta taɓa jifansa da ludayi don ya ɗauke wani dutse daga nan ya kai wa tumatirinsa. Amma duk Lahadi sai ta hau tudun da butar shayinta, ta zauna a gindin itacen nan har la'asar. Clarrie ya daɗe da gano dalili. Mace ba ta hawa tudu kowace Lahadi shekara arba'in don itace. Shi ya sa yake aske gemu ranar Asabar.

"An saye ka?" ta tambaya, ba ta ɗago kai ba.

"An ba ni tanki."

"Ya yi maka tsada. Ni da na ba su kai kyauta, na ƙara musu da karenka."

Masaniyar tarihin, Dokta Thea Kouris, ta iso wajen ƙarfe goma, a motar haya da jar ƙasa ta rine. Yarinya ce, ba ta fi talatin ba, da jaka a kafaɗa da ragar ƙuda a fuska. Desmond ya kai ta tudu da kansa, sanye da hular da yake zuwa kasuwar dabbobi. Kabarin yana nan yadda muka saba ganinsa, farin dutse da aka ɗauko a kan raƙuma tun daga tashar jirgin ƙasa, da shingen ƙarfe mai ado. Rubutun ba shi da yawa:

TSOHO GUS
1911
UBAN DUBBAI
BAI TAƁA GAJIYA BA

Desmond ya cire hula ya yi mata bayani. Gus, haka ake taƙaita sunan Augustus. Uban dubbai, saboda bayin Allah da suka ci abinci a ƙarƙashinsa. Bai taɓa gajiya ba, saboda ya rasu ne a tsaye, yana neman wa garkensa ruwa a shekarar fari. A nan aka ɗaura auren 'yarsa shi Desmond, a nan bishop na coci ya taɓa yin wa'azi a kan kalmomin nan har mata suka yi kuka, a nan kuma yake son a sa shi idan ta Allah ta kasance, kafaɗa da kafaɗa da tsohon.

Sai aka zo kan Clarrie. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma Clarrie yana da tasa ƙa'idar: bai taɓa yi wa mai riƙe da biro ƙarya ba, don ya ga yadda takarda ke daɗewa. Saboda haka ya gyara murya ya faɗi gaskiya zalla. Ya ce marigayin ta jirgin ruwa ya zo ƙasar nan, jama'a suka taru a tasha don su gan shi. Faffaɗan goshi gare shi, ga wuya, ga ƙirji, in ya tsaya a fili kowa ya san an tsaya. Ba ya son a juya masa baya, mutum biyu da suka gwada sun yi mako ba su zauna a kujera ba. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, nama kuwa bai taɓa sa shi a baki ba.

"A gandun tumaki?" in ji Dokta. "Bai taɓa cin nama ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Ya faɗi dalili?"

"Ba mai yawan magana ba ne."

Ta rubuta. Ta tambaya game da iyalinsa. Clarrie ya dubi ƙasa ya ce wannan ɓangaren ba zai yi kyau a gaban maigida ba, amma dai abin da dutsen ya faɗa gaskiya ne, ko fiye. Desmond ya yi 'yar dariya ya murza gashin baki, ya ce jinin Pengilly ke nan, ba a iya masa. Daga nan aka kira shi a rediyo cewa famfon iska na rijiya ta shida ya tsaya, ya hau a-kori-kurarsa ya tafi, yana cewa a ba baƙuwa abinci.

A kicin Dulcie ta aje musu haƙarƙarin rago da dankali da burodin da aka gasa a toka. Dokta ta ci sosai, ta yaba, ta goge hannu. Sannan ta buɗe jaka ta fito da takarda ɗaya ta aje kusa da farantin Clarrie.

Hoto ne daga wata tsohuwar jarida. Mutane wajen ashirin a kan tudu, kowa hula a ƙirji. A tsakiya an kwantar da wani ƙaton rago a kan ƙyauren ƙofa, an ɗaura masa kintinkiri a wuya. A ƙasa an rubuta cewa zakaran raguna na Kallabinna, wanda aka saya da kuɗin da ya fi na gida biyu, ya mutu yana da shekara goma sha ɗaya, an binne shi da girmamawa. Mai gemun da ke gefen kansa yana share hawaye da hankici shi ne Augustus Pengilly, a raye, da ƙoshin lafiya. Shi ya raɗa wa ragon sunansa.

"Mista Doolan," in ji ta, "na yi hira da tsofaffi sun fi ɗari. Ban taɓa ganin wanda ya yi minti ashirin yana zagaya ƙarya bai taka ta ba sai kai."

Clarrie ya ce ya gode.

Ta ba su sauran labarin. Shekara biyu bayan hoton, Augustus ya gudu Melbourne da malamar da ke koya wa 'ya'yansa fiyano, can ya mutu a wani otal bayan shekara goma sha uku. Matarsa kuwa mai tattali ce. Ta duba ta ga ga dutse nan a tsaye da sunansa, an riga an biya, sai ta ce wa jikoki ga kakanku nan. Jikokin suka faɗa wa nasu 'ya'yan. An rubuta tarihin gandun sau uku, kowane marubuci ya kwafi na bayansa ya ƙara masa fari da ƙishirwa.

Clarrie ya tambaye ta ko dole ne ta rubuta. Ta ce dole, sunanta ne a kan takardar. Ya ce to ai akwai wani a kwance a wurin, ba a ce sai mutum ba. Ta ce ta lura da haka, lauyoyin kamfani ma za su lura. Sharaɗi ya ce filin na zuriyar wanda ke kwance ne. Zuriyar Tsoho Gus su ne dubu goma sha takwas ɗin nan da ke kiwo a waje, kamfani kuwa ya saye su duka, da takarda.

Clarrie ya aje cokalinsa. Ya hango ɗakin da ke jiransa a gidan tsofaffi na gari, inda ya taɓa kai wa wani abokin askinsa ziyara ya same shi yana kallon bango, an yanka masa nama ƙanana kamar na yaye. Ba shi da ɗa, ba shi da mata, karensa ba za a karɓe shi ba. Ya ce da ita, a hankali, shi bai san wani wuri ba. Ta ce ta yi haƙuri ƙwarai, kuma da alama da gaske take.

Duk wannan Dulcie tana wanke tukunya. Ta tsame hannu ta goge a gaban riga, ta zo ta ɗauki hoton, ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗora ɗan yatsa a can ƙurya, inda rabin wani baƙin mutum ya shigo hoton, ba takalmi, yana jingine da shebur.

"Ga kakana Tommy. Shi ya haƙa ramin. Aka ce su cire hula su ma, ya ce ba a ba su hular ba tukuna."

Dokta ta matso. Ta tambaya, Anti, shi ina aka binne shi?

"Taku arba'in daga ragon. Gindin itacen nan na bayan gidan wannan tsohon banzan. Shi da matarsa, da ƙanensa, da yara uku na shekarar mura, da wata Lizzie da ba mu san garinsu ba. Bakwai. Kowa da dutsensa, sai ɗaya da wani ɓarawo ya kai wa tumatirinsa, na sa ya mayar."

Dokta ta leƙa tudun ta taga.

"Cikin wayar?" in ji Dokta.

"Cikin wayar. Ai tudun namu ne kafin a san waya. Nan ruwa ba ya cin mutum."

Dokta ta ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Dulcie ta ce wa ya tambaye ta? Masu rubuta tarihin nan uku duk sun shigo kicin ɗin nan, biyu a zamanin uwarta, ɗaya a nata. Na farko ya nemi shayi, na biyu ya nemi shayi, na uku ya tambayi inda banɗaki yake.

Dokta ta zaro kwafin yarjejeniyar ta karanta sharaɗin a fili, ta sake karantawa, sannan ta rufe baki da hannu kafaɗunta suna rawa. Clarrie kuwa ba sharaɗin ne ya dame shi ba.

"Wato Lahadin nan duka," ya ce, "wajensu kike zuwa?"

"To wajen wa?" in ji Dulcie.

Ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Ta dube shi, ta dubi haɓarsa da ta saba gani a kankare duk Lahadi, sai ta gane. Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta fasa, ta ɗauke farantinsa ta ce ya bar nama ya huce kamar wanda bai san wahalar yanka ba.

Desmond ya dawo da la'asar, hannu duk baƙin mai. A tudu aka gaya masa, don Dokta ta ce gara a can. Ya karɓi hoton ya duba, ya dubi dutsen, ya karanta layi na uku da na huɗu yana motsa leɓe kamar yau ya fara ganinsu. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tambayi Clarrie ko ya sani. Clarrie ya ce tun shekarar ambaliya, shi da Roy.

"Babana ya sani? Shi da yake kawo mu nan duk Kirsimeti mu yi waƙa?"

"Shi ya fi kowa ɗaga murya, maigida. Ina jin don kada ya yi dariya ne."

Desmond ya ce cinikinsu ya warware, ba gida ba tanki. Clarrie ya ce shi ya cika nasa, an ce ya faɗi abin da ya sani ya sa gishiri, ya faɗa, a tambayi Dokta ko akwai kalma ɗaya ta ƙarya. Ban da haka ma, gidan yanzu ba na maigida ba ne balle ya bayar ko ya hana. Desmond ya kira lauyansa daga cikin mota, aka ji shi yana tambaya wane ne ya rubuta wannan shirmen, lauyan ya tuna masa shi ya sa a rubuta.

Ya jima a motar. Da ya fito sai ya nufi gindin itacen, inda Dulcie ke tsaye tana nuna wa Dokta duwatsun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shekara sittin yana wucewa ta wurin, bai taɓa ƙirga su ba. Ya cire hula, ko don su ko don zafi, Allah ne masani. Ya ce da ita ya riga ya gaya wa 'ya'yansa a tudun nan za a sa shi, ya ma biya kuɗin dutse, yanzu ina zai ce musu?

Dulcie ta yi nazari.

"Gefen ragon akwai wuri," ta ce. "Ba za mu raba ka da danginka ba."

Bayan wata biyu aka zo da na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an tona ba. Ta nuna bakwai a gindin itace, a jere yadda Dulcie ta faɗa, da ɗaya mai ƙaho a cikin shingen ƙarfe. Lauyoyin kamfani suka yi ta juya sharaɗin kamar waina, bai juyu ba.

Ga yadda aka tashi, ga mai son sani. Kamfani ya rasa tudu, ya gina wurin lodinsa a kwari, damina ta farko ta cinye masa tirela biyu. Dokta Kouris ta samu abin da take ta yawo tana ba da lacca a kai har yau. Desmond ya rasa kaka ya samu rago, ya koma bakin teku da zama, an ce in aka kawo naman tunkiya a tebur sai ya ce ya ƙoshi. Dulcie da danginta sun samu eka biyu daga cikin ƙasar da mota ke wuni ba ta ƙure ba, wadda duk ta kakanninsu ce, aka kuma buga a jarida cewa an yi musu karamci. Clarrie ya samu gidan har mutuwa, a kan sharaɗi uku: motarsa ta kwana a bakin ƙofar waya, shanya a gaban gida, shayin Lahadi kuma shi zai dafa. Tanki dai bai samu ba. Abin da ya rasa bai faɗa wa kowa ba, ya daina aski ranar Asabar na tsawon mako uku, har Dulcie ta ce ba za ta sha shayin bunsuru ba, ya koma.

Wanda bai rasa komai ba shi ne Tsoho Gus. Ya sha addu'a fiye da shekara ɗari, da wa'azin bishop, da ɗaurin aure. Har yanzu masu wucewa kan tsaya su aje masa fure, 'yan jikokinsa su zura kai ta shingen su cinye.